Kaurin Riga, Tsawon Jira

A gandun Zayon da ke kudu maso yammacin jihar Yuta ta Amurka, zafin watan Yuli ba wasa ba ne. Da tsakar rana ma'auni kan haura digiri 38, jan dutsen yashin da ya mamaye yankin ya ɗau zafi har tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. To a cikin wannan ƙuna ne za ka ga mutum huɗu ko biyar sun ajiye mota a gefen titi, kowa da hular kwano da naɗin igiya, kuma a jakar kowannensu akwai baƙar riga ta roba mai kauri, irin wadda ke rufe mutum daga wuya har idon sawu. Ba a sa ta a hanya. Sai an isa inda ƙasa ta dare ta zama kwazazzabo mai zurfi da ƙunci, sannan a zauna a cire takalmi a fara kokawar shiga cikinta.

Abin da ke jiransu a ƙasa ya sha bamban da abin da suka baro a sama. Ruwan ambaliya ya daɗe yana sassaƙa dutsen nan, ya bar tsagogi masu zurfin gaske, wasu wuraren don ƙunci sai mutum ya cire jaka ya bi a karkace. Rana ba ta kaiwa ƙasan. Can akwai kwarmi bayan kwarmi cike da ruwan da ambaliyar baya ta bari, ruwan da kan yi makonni ko watanni kwance cikin duhu, dutse na shanye ɗan ɗumin da ya zo da shi. Ka tsoma ƙafa a ciki a tsakiyar lokacin zafi, sai ka ji sanyin har cikin ƙashi. Masu wannan wasa na ratsa kwazazzabo daga sama suke biyowa zuwa ƙasa: nan a sauka da igiya, can a zame, gaba kaɗan a yi iyo. Kuma da zarar an janye igiya daga gangaren farko, hanyar komawa ta rufe. Abin da mutum ya zaɓa ya sa a jikinsa da safe, da shi zai fita, ko bayan awa uku ko bayan awa goma sha biyar.

Shi ya sa nake ganin girman waɗanda suka iya zaɓen wannan riga. Ana yawan yabon gwanin ɗaurin igiya da mai karanta hadari, kuma sun cancanta. Amma akwai wata gwaninta marar kwarmato da ake samu wurin tsofaffin jagorori da masu shagunan hayar kaya a garin Springdale, daf da ƙofar gandun. Ka shiga ka ce riga kake so, gwani ba zai kai hannu wurin kaya ba tukuna. Tambaya zai fara jero maka. Wane kwazazzabo? Ku nawa ne? Akwai wanda yau ne farkon saukarsa da igiya? Ƙarfe nawa za ku shiga? Sannan ya dube ka, ya dubi abokan tafiyarka, idonsa ya ɗan tsaya a kan siririn cikinku. Sai bayan duk wannan ne zai ambaci lamba.

Ba a gane hikimar tambayoyinsa sai an san yadda rigar ke aiki, don mutane da yawa sun ɗauke ta a baibai. Ana yin ta da wata roba mai suna niyofirin, wadda masanan kamfanin DuPont suka haɗa a 1930. Hura ta ake yi ta zama soso mai cike da ƙananan kumfa na iska, galibi naitirojin, kowane kumfa a rufe ruf, ba ya haɗuwa da na kusa da shi. Ruwa yana janye zafi daga jiki fiye da iska kusan sau 25, to waɗannan kumfan su ne katangar. Wani masanin fiziks na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Hugh Bradner, shi ya fito da dabarar a farkon shekarun 1950, yana neman abin da zai kare masu nutso na sojan ruwan Amurka. Abin da ya gano ya saɓa wa tunanin da aka saba da shi a lokacin: ba dole sai riga ta hana ruwa shiga ne za ta riƙe ɗumi ba. A bar kaɗan ya shiga, jiki ya ɗumama shi sau ɗaya, muddin dai ba ya fita wani sabo ya maye gurbinsa. Ana yawan cewa ɗan ruwan nan ne ke ɗumama mutum. Ba haka ba ne. Haraji ne da jiki ke biya a shigar farko, aikin kuwa na kumfa ne. Daga baya masu wasan hawan raƙuman ruwa a gaɓar Kalifoniya, irin su Jack O'Neill da ya buɗe shagonsa a San Faransisko a 1952, suka kai rigar ko'ina a duniya.

A jikin yawancin riguna akwai lambobi biyu, 3/2 ko 4/3 ko 5/4. Ta farko ita ce kaurin robar a ƙirji da baya, da milimita. Ta biyu kaurinta a hannaye da ƙafafu, inda ake rage ta don gaɓoɓi su lanƙwasu. Kamfanoni suna buga jadawali: ruwa mai digiri kaza, riga mai kauri kaza. Sabon shiga kan duba jadawalin ya gamsu. Gwani kuwa ya san ba don mutanensa aka rubuta shi ba. Mai hawan raƙuman ruwa ba ya daina motsi, kuma duk lokacin da sanyi ya ishe shi sai ya fito ya nufi mota. Mai nutso yana ƙarƙashin ruwa inda iska ba ta kaɗawa. Mai ratsa kwazazzabo ba ya cikin ko ɗayansu. Shi rabin ranarsa a tsaye yake.

Ɗauki Pine Creek, wanda ke farawa daga gefen ƙofar gabas ta wani dogon ramin mota da aka fasa cikin dutse aka buɗe a 1930. Ba dogon kwazazzabo ba ne. Ƙwararru biyu kan gama shi cikin 'yan awoyi. Yanzu ka sa mutum shida, biyu daga cikinsu sababbi. Sun yi iyo sun tsallake wani kwarmi, sun fito kan ɗan tudun yashi a bakin gangare na gaba. Jagora ya ɗaura igiya, ya gwada ta da nauyinsa. Na farko ya sauka, na biyu ya bi. Na uku sabo ne: sai an sake duba ɗamararsa, an nuna masa inda zai sa ƙafa, ya leƙa ƙasa ya ɗan ja da baya, sannan ya sauka sannu a hankali. In kowa ya ci minti biyar ko shida, na ƙarshe ya yi rabin awa ke nan a tsaye, jiƙe sharkaf, ba motsi, a inuwar da ba ta taɓa ganin rana ba. Wanda ya fara sauka ma bai tsira ba, yana can ƙasa yana jiran sauran, wataƙila ruwa iya ƙugu. Iyon da suka yi duka bai wuce minti biyu ba. Kuma wannan gangare ɗaya ne. Akwai wasu a gaba, kowanne da nasa jiran.

Ga kuma iska. Tsagar dutse tana jan iska, ko da a sama ganye ba ya motsi. Duk wanda ya sha ruwan randa da hunturu ya san abin da ke biyowa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar, iska na busar da shi, shi ne ke sanyaya na ciki. Yadin da ake mannawa a bayan robar yana riƙe ruwa, iska ta bi ta kansa, mai rigar ya koma randa. Don haka za ka ga tsofaffin hannu sun ɗora wata siririyar riga mai tare iska a kan rigar robar, abin da bai kai nauyin lemo ɗaya ba, amma a wurin jira yana iya fin ƙarin milimita guda amfani. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, don ta nuna mutum ya gano ainihin ƙofar da zafi ke fita, ya je ya rufe ta, maimakon ya yi ta lafta roba.

Tambayar “ku nawa ne” ke nan ta fi tambayar sanyin ruwa nauyi. Mutum biyu masu sauri za su iya ratsa wuri da 3/2 su fito lafiya lau, alhali mutum takwas a rana ɗaya, a ruwa ɗaya, suna bukatar 4/3 ko 5/4. Haka nan jiki ya bambanta. Siririn mutum da yaro suna saurin sanyi fiye da mai jiki, don fatarsu ta yi yawa idan aka gwada da naman da ke samar musu da zafi. Gwani yakan ba siririn riga mafi kauri ko da tafiyarsu ɗaya da sauran, ko ya ƙara masa 'yar shara ta roba mai haɗe da hula a ciki. Kuma yakan lissafa da ranar da abu ya ƙi: igiya ta maƙale, wani ya gurɗe ƙafa, awa huɗu ta koma takwas, duhu ya fara shigowa. Rigar da ta dace ita ce wadda za ta riƙe mutum a waccan ranar.

Abin da gwani ke gudu yana zuwa ne ta yatsu. Zafin cikin jikin mutum yana zaune a wajen digiri 37, kuma likitoci na cewa sanyi ya yi illa idan ya sauka ƙasa da 35. Amma tun kafin a kai nan jiki ya riga ya fara rowa: yana tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa don ya tara jini mai ɗumi wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Hannu ya yi nauyi, yatsu su ƙi bin umarni. To a kwazazzabo rai a yatsu yake rataye. Sau da yawa igiya kan sauke mutum ne kai tsaye cikin kwarmin da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Yana shawagi a ruwa, jaka na jan sa baya, dole ya murɗe makullin ƙugiyar da ke ɗamararsa, ya zare igiyar daga ƙarfen sauka, ya mayar da ƙarfen cikin ƙugiya ba tare da ya suɓuce ba. In ya suɓuce, ya tafi ƙasan baƙin ruwa ke nan, ga sauran gangare a gaba. Da hannu mai ɗumi aikin daƙiƙa goma ne. Da sandararren hannu mutum kan yi ta fama, yana haɗiyar ruwa, sanyi na ƙara shigarsa. Jagoran kirki yana lura da wanda ya fara laluben zif ɗin jakarsa, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ko ya yi shiru alhali da safe shi ne mai surutu. Wanda ya daina rawar ɗari bayan ya daɗe yana yi, ba tare da ya ɗumama ba, shi ne abin tsoro.

Kowane kwazazzabo da halinsa. Keyhole gajere ne, kusa da titi, shi ya sa sababbi ke rububinsa. Amma ƙasansa duhu ne da iyo cikin ruwa mai tsananin sanyi, kuma ko a tsakiyar zafi masu hankali kan shige shi da cikakkiyar riga. Heaps kuwa wani babi ne dabam. Ana hawa tudu mai nisa kafin a kai bakinsa, a yi awoyi ana faɗawa kwarmi ana fita, sannan a ƙarshe a sauka da igiya ta kusan mita 90, mutum na lilo a sarari ba ya taɓa bango, har ya dira kusa da tafkin Emerald na sama. Wasu a doguwar rana ɗaya suke yin sa, wasu sai sun kwana. Wanda zai ɗaura waccan igiya ta ƙarshe yana bukatar hankalinsa da yatsunsa cif, bayan ya wuni a ruwa. A irin wannan wuri ba a maganar ƙasa da milimita biyar, kuma da yawa kan ninka riga biyu.

Mai karatu zai ce to a sa mafi kauri kullum mana, a huta. Da abin haka yake da ba a kira shi gwaninta ba. Roba mai kauri tana da nauyi, in ta jiƙe ta ƙara, kuma a baya ake ɗaukarta a hau tudu cikin ranar da ke neman kashe mutum da ƙishirwa. Tana ɗaure kafaɗa da gwiwa, alhali rabin aikin kwazazzabo tokare baya a bango ɗaya ne da ƙafa a ɗaya, ana saukowa kaɗan-kaɗan. Duk ɗaga hannu kokawa ce da roba, gajiya ta zo da wuri, gajiyayye kuwa shi ke jinkiri, jinkirin ya dawo da sanyin da aka gudu. Idan kuma kwazazzabon ya buɗe aka fito fili mai rana, mutum a cikin baƙar roba mai milimita biyar zai iya jigata da zafi cikin ɗan lokaci. Tsakanin hatsari biyu ake ratsawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci milimita ɗaya ce ko biyu.

Littattafan jagora suna taimakawa daidai gwargwado. A Amurka ana yi wa ruwan kwazazzabo alama da harafi: A ga wanda galibi busasshe ne, B ga mai kwantaccen ruwa ko gudu kaɗan, C ga mai gudu da ƙarfi. A tsarin Faransa ana auna wahalar ruwan daga 1 zuwa 7. Sai dai harafi ba ya gaya maka abin da ambaliyar makon jiya ta yi. Tana iya cika kowane kwarmi fal, iyo ya yawaita. Tana iya cike su da yashi a taka a wuce ƙafa a bushe. In kuma an daɗe ba ruwa, kwarmi ya janye ƙasa, bakinsa ya yi nisa da santsi, mutum ya faɗa ciki ya rasa mafita. A kwazazzabon Imlay an san irin waɗannan ramuka, kuma wanda ke shawagi a cikinsu yana jiran a jefa masa igiya ya fi kowa sanin darajar kaurin rigarsa. Saboda haka gwani kullum kunnensa a buɗe yake. Duk wanda ya dawo da kayan haya sai ya tambaye shi ruwa iya ina, iyo nawa suka yi, wa ya ji sanyi. Labarin jiya shi ne jarinsa.

Bayan kauri sai fasali, kuma a nan Turai da Amurka sun rabu. A tsaunukan Guara na lardin Huesca a Sifaniya, wajen ƙauyukan Rodellar da Alquézar, da kuma tsaunukan Faransa da Suwizalan, ruwa gudu yake yi. Ana tsalle cikin tafki, ana zamewa a magudana, ana sauka da igiya a ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga sama yana dukan kai. Can aka gyara riga musamman don wannan aiki, mai ɓangare biyu. Na ciki dogon wando ne da ke hawa har ƙirji ya rataya a kafaɗa, ba hannu. Na waje jaket ce mai dogon hannu da hula, zif ɗinta a gaba. In kowane ɓangare milimita biyar ne, gangar jiki ta samu goma ke nan, hannu da ƙafa suna da biyar-biyar, wato an tara kaurin daidai inda jiki ya fi bukata. Kyawun wannan fasali shi ne yana bin sauyin rana. An fito rana, a zuge zif ko a cire jaket a ɗaure a jaka. An zo inuwa, a mayar. Mai son kama ruwa ma ba sai ya tuɓe komai da komai ba. An kuma ƙara masa faci mai tauri a gwiwa da gwiwar hannu da mazaunai, wuraren da dutse ke ci.

A Yuta kuwa, inda ruwan galibi a kwance yake kuma tafiyar ƙasa ta fi yawa, mutane da yawa riga guda ta masu wasan teku suke sawa, don ta fi sauƙin nauyi da ɗauka. Ba ta barin ruwa ya kurɗa ta ƙugu, amma zif ɗinta sau da yawa a baya yake, ba a iya buɗe shi a sha iska cikin sauƙi, musamman da jaka a goye. Kuma dutsen yashi ba ya jin tausayin roba. Kankare ta yake yi a duk inda aka goga. Shi ya sa ba a ganin laifin mai sayen gwanjo, ana ma yaba masa, kuma za ka ga mutum ya ɗora tsohon gajeren wando da matashin gwiwa a kan rigarsa don su ci wahalar a madadinta. Abin da gwani zai hana ka shi ne rigar masu gasar iyo, mai sulɓin baya: an yi ta don ta tsaga ruwa, farce ma yana yaga ta, ballantana bango.

Yakan kuma juya riga ya duba ɗinkinta. Akwai ɗinkin da allura ke huda robar ta fita ta ɗaya gefen. Yana da ƙarfi da araha, amma kowace huda ƙofar ruwa ce, don haka na ruwa mai ɗumi ne. Akwai wanda ake fara manne gefen biyu da gam, sannan a ɗinka ba tare da allurar ta ratsa ba, wani lokaci a bi bayansa da tef. Riga mai 4/3 da wannan ɗinki tana iya fin mai 5/4 da ke yoyo ɗumi.

Duk da haka babu abin da ya kai daidaito a jiki, kuma nan ne na fi son kallon gwani yana aiki. Mutum ya shiga riga ya fito yana cewa ta yi masa. Gwani zai ce juya. Ya sa yatsu biyu ya tsunkuli robar a ƙasan baya, inda kashin baya ke lotsawa ciki. In ta taso ta bar rami, nan ruwa zai taru. Ya duba hammata da bayan gwiwa ko akwai tattara. Ya sa yatsa a wuyan rigar ya ja. Sannan ya ce a tsuguna, a miƙe, a ɗaga hannu sama kamar mai kama dutse, a ja dogon numfashi. Riga mai yalwa famfo ce: duk motsi sai ta tura ruwan da jiki ya sha wahalar ɗumamawa waje ta zuƙo sabo mai sanyi, kaurinta ya tashi a banza. Wadda ta matse fiye da kima kuwa tana hana ƙirji buɗewa, tana tare jini daga hannu, ga shi shigar farko cikin ruwan sanyi dama numfashi kan ƙwace wa mutum na ɗan lokaci. Ana son ta kama jiki ko'ina ba tare da ta shaƙe ko'ina ba. Mata sukan fi shan wahalar samun wannan idan aka ba su rigar da aka yanka don maza, kuma shago na ƙwarai yakan ajiye masu yankan mata.

Ƙafa ita ce ke fara shiga ruwa, ita ce kuma ta ƙarshen fita. Ana sa mata safar roba mai milimita uku zuwa biyar, a ƙara wa takalmi lamba don safar ta samu wuri. In aka cusa ta cikin matsattsen takalmi, kumfan ya matse, jini ya tsaya, ƙafar ta fi sanyi fiye da in ba safar. Ƙafar wandon ake saukowa a kan safar don kada yashi ya shiga. Hula tana shiga ƙarƙashin hular kwano, tana kuma taimako sosai a ƙarƙashin ruwa mai zubowa, amma tana toshe kunne, kuma a wurin da ake magana da usur saboda rugugin ruwa, jin kira ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ake ture ta baya a bakin igiya. Safar hannu kuwa har yau ana gardama a kanta, don mai kauri tana ɗumama yatsu amma tana hana su jin ƙulli.

Akwai kuma busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga cikinta sam. Yadi ne marar yoyo mai bakin roba da ke kama wuya da wuyan hannu, mutum ya sa kayan ɗumi a ciki. A lokacin sanyi, ko a wuri irin Heaps da Imlay, wasu ƙwararru ita suke zaɓa, kuma a wurin jira babu mai kama ƙafarta. Rauninta ɗaya ne, amma babba. Rigar roba in ta yage, ɗan wurin ne zai yi sanyi, sauran na nan na aiki, har ma tana ɗaga mutum a ruwa. Busasshiya in ta huje, ruwa ya cika ta, kayan ciki su jiƙe, ɗumin ya tafi gaba ɗaya. Masu sa ta kan rufa mata da rigar leburori don kare ta daga dutse, su riƙe abin faci a jaka. Gwani ba ya ba da ita ga wanda ya ga alamar zai riƙa jan jiki a bango ba lura.

Wani abu kuma da mutanen nan ba sa ɓoyewa shi ne iyakar abin da riga za ta yi. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso a yankin ba zato, ruwan da ya sauka a kan tsiraran duwatsu masu nisa ya taru ya faɗo cikin tsaga lokaci guda, da itatuwa da duwatsu. A Satumbar 2015 ambaliya ta halaka mutum bakwai a Keyhole. Babu kaurin roba da ke da ta cewa a nan. Mai shagon da ya gama auna maka riga da kyau, shi ne kuma zai iya duba hasashen yanayi ya ce yau a haƙura.

Ita ma rigar tana tsufa. Kumfan da ke gwiwa da mazaunai da kafaɗa, inda ɗamara da jaka ke dannawa, suna mutuwa a hankali, har rigar da ke ɗauke da lamba biyar a wuyanta ta koma ba ta fi uku ba a waɗannan wurare. Rana tana busar da robar ta tsattsage, shi ya sa ake ɗauraye ta da ruwa mai tsabta a shanya a inuwa, a fara da cikinta, kuma ba a barinta a ninke ƙarƙashin kaya. Ƙaramar yaga ana like ta da gam ɗin roba tun ba ta yi baki ba. A shagon haya, inda riga ɗaya ke shiga jiki da yawa a kaka guda, gwani yakan matsa robar tsakanin babban yatsa da manuni, ya saki, ya ga ko ta taso. Wadda ta taso nan take ta koma cikin kayan manyan kwazazzabai. Wadda ta yi jinkiri sai a mayar da ita ga gajerun tafiye-tafiye na tsakiyar zafi, in ta gaji da wannan ma a yanke ƙafafunta a yi matashin gwiwa da su.